Sandar tafiya: yadda ake zaɓenta da riƙonta a rairayi da bakin Komadugu

A nan jihar Difa tafiyar ƙafa ba baƙuwa ba ce. Makiyayi na bin dabbobi daga tuddan Maine Sorowa zuwa kwari, mai noman tattasai na sauka gonarsa a bakin Komadugu, mata na zuwa itace da kaya a ka. Tun 2015, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci aka hana yawo da babur, mutane da dama suka ƙara dogara ga ƙafafunsu. Shi ya sa yau muka ɗauko zancen sanda, don wadda ba ta dace da mai ita ba gajiya take ƙara masa.

Mu fara da tsawo. Ka tsaya a miƙe, ka dafa sandar a ƙasa kusa da ƙafarka. In gwiwar hannunka ta lanƙwashe, damtse na ƙasa ya miƙe daidai ba sama ba ƙasa ba, to wurin riƙonka ke nan. A bar ɗan saura a sama, kamar taƙi ɗaya, saboda wurin gangara ana matsar da hannu sama, wurin hawan tudu kuma a sauko da shi.

Sai icen. Aduwa da magarya suna da ƙwari, gora kuma ba ta da nauyi. Tumfafiya kam a bar ta, ba ta ɗaukar nauyin mutum. A zaɓi busasshen ice marar tsaga, a kankare ƙaya da ƙulli don kada tafin hannu ya yi bororo.

Akwai kuma sandunan zamani na alminiyom da masu hawan duwatsu ke riƙe bibbiyu a Turai, waɗanda ake ƙara musu tsawo ko a rage. Wanda ya samu irinsu ya duba makullin da kyau, don rairayi na shiga ciki ya hana shi kamawa. Siririn bakinsu kuma nutsewa yake a yashi, sai an sa ɗan faifan roba da ke zuwa da su. A tamu ta gida, gindi mai ɗan faɗi shi ke wannan aiki.

Ga dattawa masu ciwon gwiwa, ga abin da ake yawan kuskurewa: in ƙafar dama ke ciwo, a hannun hagu ake riƙe sanda, a jefa ta gaba tare da ƙafar mai ciwon. Haka nauyi ke rabuwa.

A bakin kogi fa? Ruwan Komadugu na isowa da damina, ya ci gaba da hauhawa har bayan ruwan sama ya ɗauke, kuma mun ga ɓarnar ambaliya a 2019 da 2022. Kafin ka sa ƙafa, ka gwada zurfi da laka da sandar. Ka fuskanci inda ruwan ke fitowa, ka kafa sanda, sannan ka ɗaga ƙafa ɗaya. In ruwa mai gudu ya wuce gwiwa, a nemi kwalekwale. Cikin ciyawa kuma a riƙa bubbuga gaba saboda maciji.

Abu ɗaya ne ba a yi wa sanda: taɓa abin da ba a sani ba. A yankinmu an sha samun abubuwan fashewa da aka binne a hanya. Ka ga waya, ƙarfe ko ƙasa da aka tona sabuwa, kada ka tsokana. Ka koma ta sawunka, ka gargaɗi na bayanka, ka sanar da hukuma ko mai gari. A gaya wa yara masu kiwo wannan, don su ne kullum da sanda a hannu.

Tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah Ya kai kowa gida lafiya.