Shelar akwatin wifi da cajin wayarka

A Kamsaoghin, daga Maris zuwa Mayu, in zafi ya tsananta aka fara ɗauke wuta unguwa-unguwa, maganar caji ta fi maganar farashin atamfa yawa a bakin 'yan kasuwa. Wayar nan ita ce shagon: da ita ake kiran Kano da Lome, ta nan kuɗi ke shigowa ta Orange Money. Ni da nake haɗa wa gidaje akwatin wifi, tambayar da na fi sha ita ce: "Malam, waya tana ajiye, ba wanda ya taɓa ta, me ke shanye batirin?"

Dalilai suna da yawa, amma ɗaya daga akwatin yake. Akwatin wifi mai shela ne da ba ya gajiya. Kusan sau 10 a kowace daƙiƙa yana aika ɗan gajeren saƙo: ga ni nan, ga sunana, wane yana da saƙo a ajiye. Masu sana'ar suna ce masa beacon, kuma yawancin akwatuna da tazarar 100 suke fitowa daga kamfani. Ita kuwa waya, in ka kashe fuskarta, gyangyaɗi take kamar yaron shago bayan azahar. Takan buɗe ido ta saurari shela, in babu nata ta koma barci. Kowace farkawa tana cin wuta, kaɗan ne ƙwarai, amma a dare guda sau dubbai ne.

Abin da ke tsara wannan farkawa shi ne DTIM. In yana kan 1, kowace shela muhimmiya ce. In ka mai da shi 3, waya za ta iya tsallake biyu ta farka a ta uku, wato jinkirin da bai kai sulusin daƙiƙa ba. Kiran Hajiya ta WhatsApp zai shigo yadda ya saba.

Ga gidan da akwatinsa ke kan sola yana aiki har wuta ta dawo, shawarata ke nan: a bar beacon a 100, a sa DTIM a 3. Ana shiga ta adireshin da ke rubuce a gindin akwatin, galibi 192.168.1.1. Ƙananan akwatunan aljihu masu layin waya da yawa ba su da wannan saitin, kada ka wahalar da kanka.

Na ga masu kai shi 10 wai don riba ta yi yawa. Sai wata na'urar ta riƙa jinkiri, ko ta yanke gaba ɗaya.

Gaskiya ribar ba ta kai ta rage hasken fuskar waya ba, balle ta hana yara TikTok. Kuma akwatin da aka ɓoye a ƙuryar ɗakin maigida, bayan bango biyu da ƙofar ƙarfe, ya fi komai cin batirin wayoyin tsakar gida, don waya sai ta yi ta maimaita aike kafin ya ji ta. Kafin ka taɓa kowace lamba, fito da shi zaure, ka rataye shi sama.