Ƙugiyar da ke raba koko da ƙoƙo

Mu da muke aiki a gidan rediyo, babu ranar Allah da takardun sanarwa da na gaishe-gaishe ba sa zuwa hannunmu. A nan muke ganin yadda jama'a ke rubuta Hausa. Wani ya rubuto cewa "baki" sun iso daga Tawa, sai mai gabatarwa ya dakata kafin ya gane baƙi ake nufi. Wani ya rubuto "fada", a rasa ko gidan sarki ne ko rigima. Wani kuma ya rubuta "ina kouana" da baƙaƙen Faransanci. Galibin masu rubutun nan sun shiga lakwal. Abin da ya faru shi ne tun a ajin farko, wato CI, ba a nuna musu baƙaƙen harshensu ba.

Hausa tana da baƙaƙe huɗu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya duba yadda za a rubuta harsunanmu, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa. Mu muna rubuta ƴ, maƙwabtanmu na Najeriya suna rubuta 'y. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, sannan a 2025 kundin sake gina ƙasa ya mayar da Hausa harshen ƙasa. Dokoki kam akwai su. Amma doka ba ta riƙe wa yaro alli.

To, yaya ake koya wa ɗan shekara 6 baƙi guda, misali ƙ? Malaman da suka daɗe da ƙananan yara ba sa farawa da rubutu, da kunne suke farawa. A kawo ƙoƙo a aji, a tambayi yara abin da ake sha da safe a cikinsa. Za su ce koko. A sa su maimaita: koko, ƙoƙo. Kafa, ƙafa. Yaro Bahaushe ba ya kuskuren waɗannan a bakinsa, tun yana goye yake jin su. Sai ya ji bambancin da kunnensa sannan a nuna masa siffarsa a allo.

Daga nan sai hannu. A fita tsakar makaranta, kowa ya zana k da yatsa a rairayi, babba, yana faɗin sautin. Sa'an nan a lanƙwasa kan sandar, a ce k ta sa hula. Rairayi ba ya ƙarewa, kuma kuskure a cikinsa shafewa ake yi da tafin hannu, babu kuka. Bayan rairayi sai ardwazi da alli, kaye da bik su zo daga baya. A ƙarshe a rubuta kalmomi kaɗan a allo, yaro ya taso ya nuna inda ƙ ta ɓuya. Wanda ya iya tsamo ta cikin "baƙi" da "ƙofa" ya san ta ke nan.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A makarantar allo, almajiri yakan fara da babbaƙu kafin farfaru, kuma malamanmu na dā sun laƙa wa haruffa sunayen Hausa, irin su ba guje da ha kuri, don yaro ya riƙe siffarsu. Abin da alaramma ya gano tun kaka da kakanni, bai kamata ya gagari mushe ba.

Akwai kuma inda muke roƙon iyaye da malamai su yi haƙuri. Yaro da yawa yana zuwa makarantar allo da asuba ya rubuta daga dama zuwa hagu, ya zo lakwal a ce ya faro daga hagu. In ya juya b ta zama d, ba dakiƙanci ba ne, yaran duniya duka suna yin haka a farkon koyo. Bulala ba ta gyara wannan. Abin da ke gyara shi shi ne a raba su: a bar b ta zauna sosai kafin a kawo d, a bar d ta zauna kafin a sa mata ƙugiya.

A gida ma akwai aiki. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya cewa ɗanta ya kawo mata sunayen abubuwa biyar masu farawa kamar ƙwarya. Yayan da ke da salula ya sa maɓallan Hausa, ya daina rubuta wa ƙannensa "kafa" yana nufin ƙafa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya iya sa ƙugiya a CI, gobe shi zai rubuto mana sanarwar da za mu karanta ba tare da mun dakata ba.