Wasannin Ƙasashen Afirka: Asalinsu da Siyasar da Ke Cikinsu

 Akwai wani babban taro da ƙasashen Afirka suke yi bayan shekara huɗu-huɗu. Kowace ƙasa takan aika da zaɓaɓɓun samarinta da 'yan matanta su gwada ƙarfi da na sauran ƙasashe wajen gudu da tsalle da dambe da kokawa da iyo da ƙwallon ƙafa. Wanda ya zo na ɗaya sai a rataya masa lambar zinariya, a ɗaga tutar ƙasarsu, a buga takenta. Malami a zaurensa da ɗan kasuwa a rumfarsa suna iya cewa wannan lagwu ne, ba ruwan mai hankali da shi. To, amma sau biyu Nijeriya tana saukar baƙin wannan taro, kuma daga baitulmali aka fitar da kuɗin hidimarsu. Saboda haka manomin Bagwai da mai sayar da hatsi a Dawanau suna da haƙƙin sanin abin da aka saya da dukiyar jama'a.

Yadda 'yan mulkin mallaka suka hana

Mafarin zancen wani Bafaranshe ne, sunansa Pierre de Coubertin, wanda ya farfaɗo da wasannin Olimfik na duniya, aka fara su a birnin Atina ta ƙasar Girka cikin 1896. Shi ne ya ba da shawara a yi wa Afirka nata taron. Aka sa ranar yi a birnin Aljaza'ir cikin 1925, bai yiwu ba. Aka sake sa shi a Iskandariya ta Masar cikin 1929, har Masarawa suka gina katafaren filin wasa dominsa. Ana dab da farawa sai Ingila da Faransa, masu mulkin yawancin Afirka a wannan zamani, suka ƙi sakin mutanen ƙasashen da ke hannunsu, taro ya wargaje.

Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Mai mulkin mallaka ba ya son mutumin Kano ya zauna da na Dakar da na Alƙahira su san juna, balle kuma baƙar fata ya tsere wa Bature a gaban jama'a, domin wanda ya ga an kā da maigidansa a fili ba zai ƙara jin tsoronsa kamar dā ba. Tun daga nan mai lura zai gane cewa wasan da siyasa tare aka haife su.

Da guguwar 'yancin kai ta taso, Faransa ta shirya wa ƙasashen da ta mallaka nasu wasannin, a Madagaska cikin 1960, da Abijan cikin 1961, da Dakar cikin 1963. A na Dakar har da ƙasashe masu Turancin Ingilishi da na Larabawa, kuma daga nan ne aka ƙulla niyyar yin taro na Afirka zalla. Aka yi shi a Barazabil ta Kwango cikin watan Yuli 1965, ƙasashe 30 suka halarta, Masar ta fi kowa lambobi. A ƙarshen ƙwallon ƙafa Kwango da Mali suka tashi ba wanda ya ci, sai aka ƙidaya bugun kusurwa, Kwango ta fi yawa, aka ba ta zinariya.

Ƙauracewa ta zama makami

Cikin Disamba 1966 aka kafa Majalisar Ƙoli ta Wasannin Afirka a Bamako, aka sa mazauninta a Yawunde. Sakatarenta Jean-Claude Ganga mutumin Kwango ne, daga baya kuma Abraham Ordia na Nijeriya ya zama shugabanta. Babban abin da majalisar ta sa a gaba shi ne Afirka ta Kudu, inda tsirarun Turawa suka kafa dokar wariyar launin fata, har baƙi da fari ba su shiga fili ɗaya.

Ƙasashen Afirka ba su da jiragen yaƙi ko manyan bankunan da za su tsorata kowa, amma suna da 'yan gudu da 'yan dambe waɗanda duniya ke marmarin kallo. Fatake sun san wannan dabara tun kaka da kakanni: in sarkin kasuwa ya yi zalunci, sai ayari ya karkata zuwa wata kasuwa, shi da kansa zai biyo da ban-haƙuri. Cikin 1968 hukumar Olimfik ta yarda Afirka ta Kudu ta je wasannin Meziko, ƙasashen Afirka suka ce in ta je su ba za su je ba, tilas aka janye gayyatar. Cikin 1970 aka kore ta daga hukumar ɗungum. Cikin 1972 aka yi wa Rodeshiya irin wannan a Munik ta Jamus, saura kwanaki kaɗan a buɗe wasa.

Amma makamin yana yankan mai riƙe da shi. Cikin Yuni 1976 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe 'yan makaranta a Soweto, kuma cikin waɗannan kwanaki 'yan ƙwallon zari-ruga na Niyu Zilan suka tafi can yin wasa. Afirka ta nemi a hana Niyu Zilan shiga Olimfik na Mantariyal ta Kanada, aka ƙi. Sai ƙasashen Afirka fiye da 20, har da Nijeriya a zamanin Janar Obasanjo, suka kira mutanensu gida. Samarin da suka yi shekara huɗu suna horo suka ɗaure kayansu suka hau jirgi ba su taka fili ba, kuma da yawansu ba su sake samun wannan dama ba har ƙarfinsu ya wuce. Afirka ta Kudu ba ta koma Olimfik ba sai 1992, bayan an saki Nelson Mandela. Ta fara shiga wasannin Afirka a Harare cikin 1995, sa'an nan ta sauki baƙinsu a Johannasbag cikin 1999.

Ikko, Janairu 1973

Taro na biyu Bamako aka ba, za a yi cikin 1969, sai soja suka hamɓare Modibo Keita cikin Nuwamba 1968. Aka mai da shi Ikko, watau Legas, a kan 1971. Amma yaƙin basasa bai ƙare ba sai Janairu 1970, don haka aka ɗaga zuwa 1973. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta gina filin wasa na Surulere, ƙasashe 36 suka zo, aka yi daga ran 7 zuwa ran 18 ga Janairu. Nufin gwamnati shi ne duniya ta gani da idonta cewa Nijeriya ta warke, ta koma ƙasa ɗaya. 'Yan ƙwallon Nijeriya suka ci Gini biyu ba ko ɗaya suka ɗauki zinariya. Wani saurayi ɗan Tanzaniya, Filbert Bayi, ya tsere wa Kipchoge Keino na Kenya, gwanin da ya ci zinariya a Olimfik, a gudun mita 1,500. Masar ta zo ta ɗaya a jimlar lambobi, Nijeriya ta bi mata.

Mutanen ƙasar Kano kuwa da wasu abubuwa dabam suke tuna wannan wata. Ran 1 gare shi naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Babbar Salla ta faɗo a tsakiyar wasan. Kwana huɗu bayan an rufe shi, ran 22, jirgin alhazai ya faɗi a filin jirgin sama na Kano, mutum 176 suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Ga kuma fari ya sauka a ƙasashen Arewa, damina ta gaza, dabbobi suna mutuwa, hatsi ya yi tsada. Wannan farin ne ya ƙara wa gwamnatin Kano himmar gina madatsun ruwa, irin ta Tiga da ta Watari da ke ƙasar Bagwai, wadda har yau ake noman rani da kamun kifi a kanta. Filin Surulere da madatsar Watari duka aikin shekarun kuɗin mai ne. Filin ya yi shekaru masu yawa a yashe bayan an gina na Abuja, madatsar kuwa tana ciyar da gidaje.

Daga Aljaza'ir zuwa Abuja

Cikin 1978 aka yi na uku a Aljaza'ir, inda faɗa ya kaure bayan wasan ƙwallon Masar da Libiya, Masar ta kwashe mutanenta duka ta koma gida. Na huɗu sai da aka yi shekara tara ana jira, domin Kenya ba ta da kuɗi, har Sin ta gina mata fili, aka yi a Nairobi cikin 1987. Maroko ta fita daga ƙungiyar haɗin kan Afirka cikin 1984 saboda rigimar Yammacin Sahara, ta daɗe ba ta zuwa wasannin. Ta koma ƙungiyar cikin 2017, bayan shekara biyu kuma ta sauki taron a Rabat.

Cikin Oktoba 2003 Nijeriya ta sake saukar baƙi, wannan karon a Abuja, ƙasashe 53. Aka gina fili mai ɗaukar mutum 60,000 da unguwa guda ta masaukin 'yan wasa, aka kashe ɗaruruwan miliyoyin dala. Nijeriya ta zo ta ɗaya a jimlar lambobi, ko da yake Kamaru ta cinye ta a ƙarshen ƙwallon maza. Bayan baƙi sun watse aka sayar da gidajen unguwar, ciyawar filin kuwa ta lalace, har sai da attajirin Kano Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ta. Gina rumfa ba shi da wuya kamar riƙe ta.

An rushe Majalisar Ƙoli cikin 2013, Tarayyar Afirka ta karɓi mallakar wasannin. Daga nan jayayya ta tashi tsakaninta da ƙungiyar hukumomin Olimfik na Afirka, wadda mazauninta yake Abuja, a kan wanda zai shirya taro da wanda zai karɓi kuɗin talla da na talbijin. Wannan jayayya, tare da bashin da ya danne Gana da rashin gama gine-gine, su suka sa taron Akara na 2023 bai yiwu ba sai Maris 2024. Ya faɗo cikin watan Azumi, Masar ta zo ta ɗaya, Nijeriya ta biyu.

Rabon mutanen karkara

Shari'a ba ta hana gwada ƙarfi ba. Mai Risala ya halatta tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya cikin babukansa na ƙarshe, Shaihu Halilu ma ya yi wa tsere babi cikin Muhtasar, kuma malaman sira sun ruwaito kokawar Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da Rukana. Abin da malamai suka tsawatar a kai shi ne caca da tsiraici da tozartar da salla da almubazzaranci. A nan ne ya kamata a auna waɗannan taruka, musamman ta fuskar almubazzaranci.

A ƙasar Bagwai da Bichi da kewayensu, in an kai amfanin gona gida, samari sukan yi kokawa da dambe da langa a dandali, 'ya'yan masunta kuwa sun iya ruwa tun suna ƙanana. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta kai su gaba. Maƙwabta sun nuna ana iyawa. Nijar ta kafa gasar takobin kokawa ta ƙasa a Tawa cikin 1975, ana zagayawa da ita jiha-jiha, kuma da ta sauki wasannin ƙasashe masu Faransanci a Yamai cikin 2005 ta sa kokawar gargajiya a ciki. Issaka Daborg ya kawo mata tagulla a damben Olimfik cikin 1972, Abdul Razak Alfaga ya kawo azurfa a tekwando cikin 2016. A Nijeriya ma samarin Kaduna irin su Garba Lawal da Tijjani Babangida suna cikin waɗanda suka ci zinariyar ƙwallon ƙafa a Atlanta cikin 1996.

An ba Masar taron 2027. Duk ranar da aka sake jin shugabanni suna neman a kawo irin wannan taro Nijeriya, ya dace malamai da 'yan kasuwa su tambayi wakilansu abu uku: nawa za a kashe, wa zai riƙe gine-ginen bayan baƙi sun tafi, kuma nawa ne cikin kuɗin zai isa filin makarantar ƙauye. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya shiryi matasa. Tammat.