Kowace bisa da tsawon allurarta

Yau zancenmu na kiwo ne. Za mu yi magana a kan tsawon allurar da ake yi wa bisashe cikin tsoka.

Ku duba jikin bisa sa'ad da aka feɗe ta. Da farko akwai fata. Ƙarƙashin fata akwai kitse. Ƙarƙashin kitse akwai tsoka, watau jan nama. Bayan tsoka sai ƙashi. Magani da yawa cikin tsoka ake son ya shiga, don nan ne jini yake gudu sosai. Jinin shi ke ɗaukar magani ya kai shi ko'ina cikin jiki.

In allura ta yi gajarta, sai magani ya tsaya cikin kitse. Kitse ba shi da jini da yawa. Magani ya kwanta nan, wurin ya kumbura, wani lokaci har ya yi ƙurji. Bisa ba ta warke ba, kuɗin magani sun tahi banza. In kuma allura ta yi tsawo, tana iya taɓa ƙashi ko jijiya, bisa ta gurgunce.

To, ga awon da ya kamata:

Ɗan tunkiya da ɗan akuya: santimetir 1 da rabi.
Tunkiya, akuya da maraƙi: santimetir 2 da rabi.
Sa da saniya manya: santimetir 4.

Santimetir 4 ya yi kusan faɗin yatsu biyu. Ku da kuka koyi ƙidaya, ku duba takardar allura. Ana rubuta tsawonta da milimetir. In kun ga 25, santimetir 2 da rabi ke nan. In kun ga 40, santimetir 4 ne.

Alade ya hi sauran bisashe kitse ƙarƙashin fata, don haka masu kiwonsa sun hi kowa gamuwa da wannan matsala. Ɗan alade mai shan nono, allurar santimetir 1 da rabi ta ishe shi. Wanda ya tasa, santimetir 2 da rabi. Babbar uwa kuwa, sai santimetir 4 ko 5. A wuya ake yi masa, bayan kunne kaɗan. Darasin ɗaya ne ga mai turkar rago: in bisa ta yi ƙiba, tsokarta ta ƙara nisa da fata.

Wuya, gaban kafaɗa, shi ne wuri mai kyau ga tumaki, awaki da shanu. Ku bar cinya. Akwai babbar jijiya can, kuma nan nama mai tsada yake. A riƙe bisa da kyau. A soka allura tsaye, kar a karkata ta. In an karkata, doguwar allura ma ba ta kai tsoka.

Allurar da ta lanƙwashe, kar a miƙe ta. Tana iya karyewa cikin nama, ta ji wa mai ci ciwo. A jefa ta inda yara ba su kai. Kowace bisa marar lahiya a sa mata sabuwar allura.

Kuma ku sani, ba kowane magani ake yi cikin tsoka ba. Wani ƙarƙashin fata ake yin sa. Kahin ku yi, ku tambayi likitan bisashe na wurinku. Shi zai gaya muku kwana nawa za ku jira kahin a sha nonon bisar ko a ci namanta.

Sai wani mako. Mu kwana lahiya.