AMSOSHIN WASIƘUNKU: Hawan Dutse Da Ganin Ruwa A Yini Guda

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah mazaunin Sharaɗa, mai aiki a wata masana'antar jima da ke Challawa. Ya ce shi da abokansa su tara, wasu a Challawa wasu a Bompai, sun yi adashi don su ɗauki shatar mota ranar wata Lahadi su je duwatsun Riruwai su ga magangarar ruwa, su dawo a yinin. To amma da ya je ƙauye ya gaya wa mahaifinsa, sai tsoho ya ce bai yarda ba, domin kan dutse gidan iskoki ne da wuraren tsafi, kuma mai hankali ba ya biyan kuɗi ya sayi gajiya. Shi ne yake tambaya, yaya ake irin wannan tafiya lafiya, kuma me zai ce wa Baba?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Mutumin da ya kwashe kwana shida cikin ƙarar inji da warin fata, kullum idonsa a kan ruwan kwata mai launi, ba a ganin laifinsa in ya yi marmarin ganin farin ruwa yana zubowa daga kan dutse. Amma fa maganar Baba ma ba ta yarwa ba ce. Bari mu bi ta daki-daki.

Da farko, ina ne wurin? Riruwai ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa, can ƙarshen kudancin Jihar Kano. Daga birni za ku ɗauki titin Zariya, ku karya a Kwanar Ɗangora, ku wuce Tudun Wada, ku ratsa dajin Falgore. Falgore kaɗai ta kai kimanin kilomita 150 daga Kano, Riruwai kuwa tana gaba. Ƙasa ce mai tsaunuka da itatuwa, ta fi Kano samun ruwan sama, shi ya sa masararsu ta yi suna a kasuwa. Tun zamanin Turawa ake haƙar kuza a can. Magangarar ruwan da aka fi ambata tana wajen Zainabi. Kuma ka san wani abu? Kogin Kano daga tsaunukan kudu yake gangarowa, ya taru a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, ya zo ya haɗu da Kogin Challawa a wajen Tamburawa. Watau ba baƙon ruwa za ku gani ba, za ku je gaida shi ne a gidansu.

Na biyu, lokaci. A watan Agusta ruwa ya fi cika da ban sha'awa, amma a lokacin ne ya fi haɗari, dutse ga santsi, rafi ga ƙarfi. Daga watan Janairu zuwa bazara kuwa ruwan ya ja baya, ga hazo, daga baya ga rana. Saboda haka ku nufi ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, damina ta ɗauke ƙafa, daji bai bushe ba.

Na uku, lissafin yini. Wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotlan, William Naismith, ya fitar da wata ƙa'ida a 1892: a ba kowane kilomita 5 awa guda, sannan a ƙara awa guda a kan kowace mita 600 ta hawa. Wannan fa lissafin wanda ya saba ne, ban da hutu. Ku da kuka saba tsayuwa gaban inji, ku ƙara rabin abin a kai. Ku bar Kano da an idar da sallar asuba. Tun kafin ku fara hawa ku yanke lokacin juyowa, alal misali ƙarfe ɗaya da rabi, ko an kai ruwan ko ba a kai ba. A watan Oktoba rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, ku kuwa kuna bukatar ku fita daga Falgore da sauran haske.

Wannan ya kawo mu ga maganar tsaro, kuma ba zan ɓoye muku ba. Dajin Falgore ya sha zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane, har ta kai sojoji suka kafa wurin atisaye a cikinsa a 2017. Halin hanya yakan canja daga wata zuwa wata. Don haka ana jibi tafiya ku je tasha ku tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, ranar tafiya ma ku sake tambaya. In sun ce a dakata, a dakata. Kuɗin adashi ba ya ruɓewa.

Da kun isa, kada ku zarce daji kai tsaye. Ku fara zuwa ƙofar gidan dagaci ko mai unguwa, ku yi gaisuwa, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku roƙi ɗan jagora, mafarauci ko wani ɗan gari da ya san hanya, ku kuma sallame shi da abin kirki. Ɗan gari shi ya san inda ramin tsohuwar haƙar kuza yake, wanda ruwa ya cika, samansa lumui, ƙasansa ba iyaka. Shi ya san kogon da zuma ta yi gida.

Guzuri kuwa ba sai mai tsada ba. Kowa ya riƙe ruwa lita 2 zuwa 3, da dabino, da ƙuli-ƙuli, da gurasa ko ƙosai. Takalmi mai rufi mai ƙasan roba, ban da silifa, ban da sabon takalmin da zai yi maka kanta. Dogon wando, da malafa, da sanda, da tocila. A tafi da sukari da gishiri: in wani ya galabaita, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan.

A kan hanya, mai rauni shi ake sa wa gaba, a bi sawunsa. Kada kowa ya ware. Lokacin da nake koyarwa na taɓa kai 'yan aji shida wani ɗan dutse, yaro guda ya ce zai yanke, muka ɓata awa biyu muna kwala masa kira. Da muka same shi ƙaya ce kawai a ƙafarsa, amma ni ranar na tsufa.

Kaka lokacin macizai ne, manoma sun fi ni sani. Kada ka sa hannu a ramin da ba ka ga cikinsa ba. In kububuwa ko kasa ta sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti maza-maza, don can ake samun allurar dafi. A bakin ruwa kuma, kada a hau jiƙaƙƙen dutse don ɗaukar hoto, kada a yi tsalle cikin gurbin da ba a san zurfinsa ba. In kuka ga hadari a kan tsauni, ko ruwan ya fara yin ja yana kawo ganyaye, ku haye tudu nan take, domin ruwan da aka yi a sama yakan iso ƙasa ba sallama. Kwantaccen ruwa mai dodon koɗi kuwa a guje shi, nan ake kwasar tsargiya.

Sai maganar tsafi. Baba bai ƙirƙiro ta ba. Duwatsu da dama a ƙasar Hausa an yi bauta a kansu kafin zuwan Musulunci, kamar Kufena a Zariya da Kwatarkwashi a Zamfara. Ba ma sai an je nesa ba, ga Dala nan a tsakiyar birni. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura, da itaciyar da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ya fasa wurin, sannan Wangarawa suka zo zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Yau yara na hawa Dala suna saukowa lafiya lau. Haka abin yake a wasu ƙasashe. A kusa da birnin Tokiyo na Japan akwai dutsen Takao mai tsawon mita 599, da kurmi da magangarar ruwa da tsohon wurin ibadarsu, ma'aikata na hawa ranar hutu, mai ibada na tasa, mai shan iska na tasa.

Saboda haka in jagora ya nuna muku wani kogo ko itace ya ce mutanen wurin na girmama shi, ku ba bauta ta kai ku ba, ba kuma rushe-rushe ba. Kada ku taɓa, kada ku ɗauki komai, kada ku yi ba'a. Ku wuce abinku. Hukuncin addini a kan wannan, a tuntuɓi malamai.

Ku kuma 'yan'uwa manoma da 'yan kasuwa na gindin duwatsu, baƙin nan kasuwa ce ta zo har gida: gasasshiyar masara, zuma, fura da nono, ga ladan jagora. Amma in aka sare itatuwan kan tudu aka yi gawayi, ƙasa za ta zaizaye, ruwa ya riƙa wucewa lokaci guda, rafi ya ƙafe da wuri. Baƙo ya daina zuwa, fadama ma ta ji a jikinta.

Daga ƙarshe Malam, ka koma wurin Baba ka durƙusa, ka zayyana masa shirin nan duka: ranar tafiya, jagora, lokacin dawowa. Sau da yawa in tsoho ya ce iskoki, tsoron rasa ɗa ne yake faɗa da harshen da ya saba. In ya sa albarka, ka riƙo masa tsarabar zuma. In ya ce a'a, ka bar wa abokai kujerarka, dutse ba ya ƙaura.

Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a ci gaba da aiko da wasiƙu. Wassalam.