Gashaka-Gumti: Arzikin Da Ke Kwance A Kan Duwatsu

SERTI, Jihar Taraba — Duk wanda ya yi niyyar taka ƙololuwar Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, tilas ne ya ajiye mota ya kama hanya da ƙafa. Tsawon dutsen ya kai mita 2,419, yana kan iyakar Nijeriya da Kamaru, kuma zuwa da dawowa kan ci kwanaki, ana kwana cikin tanti a gefen rafi ko a kan tudu mai tsananin sanyi.

Dutsen yana cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991 ta hanyar haɗe gandun Gashaka da na Gumti. Faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 6,000 a jihohin Taraba da Adamawa, abin da ya sa ya fi dukkan gandayen dajin ƙasar nan girma. A cikinsa akwai ɓauna da dorina da damisa da biran nan masu kama da mutum da ake kira cimfanzi, ga tsuntsaye iri-iri.

Ta fuskar tattalin arziki, masu hawan dutse sun sha bamban da baƙon da zai kwana a otal ɗin birni ya wuce. Ayarin matafiya ba ya shiga daji sai da jagora daga ma'aikatan gandun. Yana bukatar 'yan dako da za su ɗauki tantuna da abinci, da mai dafuwa, da direban da zai kai shi inda hanyar mota ta ƙare. Shinkafa da man ja da kaji kuwa a kasuwannin yankin ake sayensu. Ke nan kuɗin baƙo kan faɗa kai tsaye a hannun mutanen ƙauye, musamman da rani, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da koguna suka janye kuma aikin gona ya yi sauƙi.

Sai dai wannan sana'a tana da manyan kishiyoyi. A shekarun 2010 'yan katako sun yi wa itacen madobiya na Jihar Taraba dirar mikiya domin sayarwa a ƙasar Sin, har ta kai ga dakatar da cinikinsa daga Nijeriya a 2018 a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Ga kuma masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, da mafarauta, da matsalar kiwo a cikin gandun. Matashin da bai ga amfanin daji a tsaye ba, da wuya a hana shi sare shi.

Asarar kuwa ba za ta tsaya a kan yawon buɗe ido kaɗai ba. Daga waɗannan duwatsu ne ruwa ke gangarowa zuwa Kogin Taraba, wanda ke zuba a Binuwai. In daji ya ƙare, ƙasa ta zaizaye, manoma da masunta na nesa ma za su ji a jikinsu.

A 2017 Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors domin gudanar da gandun tare, kuma an ɗauki 'yan yankin aikin tsaro an horar da su. Wannan mataki ne mai kyau, amma tsaro kaɗai ba ya kawo baƙi. Ana bukatar gyara hanyar da ta taso daga Jalingo ta bi ta Bali zuwa Serti, da tanadar zangunan kwana masu tsabta, da tsayayyen ladan 'yan dako, da ware wa ƙauyuka kasonsu daga kuɗin shiga.

Ranar da mutumin Gashaka ya tabbata cewa itace a tsaye ya fi ciyar da iyalinsa bisa ga itace a kan tirela, ranar ce gandun zai sami masu gadin da ba a biya da albashi.