Bayan Buhun Shinkafa: Wa Zai Mayar da 'Yan Gudun Hijirar Ambaliya Gida?

A daminar 2022 ruwa ya rusa ɗaruruwan gidaje a garin Karnaya da ke ƙaramar hukumar Dutse. Can ma a yankunan Ringim, Jahun da Miga, iyalai da dama sun kwana a ajujuwan makarantun firamare. Hukumomin agajin gaggawa, SEMA da NEMA, sun kai hatsi, tabarmi da barguna, kuma an gode.

Sai dai agajin gaggawa gajeren zango ne. Da ruwa ya janye aka buɗe makarantu, magidancin da gidansa da rumbunsa suka tafi ba shi da wurin komawa. Sake tsugunar da mutum ya fi ciyar da shi tsada nesa ba kusa ba. Ko Amurka, bayan faɗuwar Kabul a watan Agustan 2021, sai da majalisarta ta ware dala biliyan 6.3 domin tsugunar da 'yan Afghanistan da aka kwashe.

Malamai sun bayyana cewa wanda bala'i ya raba da dukiyarsa ya cancanci zakka, ko da a da mawadaci ne. Masarautar Dutse kuwa ta daɗe da kwamitin zakka mai tattara hatsi daga gundumomi. A ganina, ya dace wani kaso nasa, haɗe da kuɗin gwamnati, ya tafi ga fili a kan tudu, kwanon rufi da irin shuka. Abdurrahman bin Auf, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya isa Madina, hanyar kasuwa ya nemi a nuna masa.